Faifan da Aka Saya Sau Biyu: Tarihin Yankee Hotel Foxtrot da Yadda Aka Karɓe Shi

A ranar 23 ga watan Afrilu na shekarar 2002 kamfanin Nonesuch da ke birnin Niyok ya fitar da wani faifai mai ɗauke da waƙoƙi 11, aikin wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Shikago da ake kira Wilco. Sunan faifan Yankee Hotel Foxtrot. A makon farko aka sayar da kwafe wajen 55,000, ya shiga jerin mujallar Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka a matsayi na 13, matsayin da babu wani faifan ƙungiyar da ya taɓa kaiwa kafin nan. Abin da ya mai da wannan ciniki abin tarihi shi ne, a lokacin da faifan ya shiga kanti ya kusa shekara guda da kammaluwa, kamfanin da ya biya kuɗin yin sa ya riga ya ce ba ya so, kuma duk mai sha'awar jin sa ya riga ya ji shi kyauta tun wata 7 da suka wuce.

Masu rubuta tarihin kiɗan Amurka sun saba kawo wannan labari a matsayin nasarar mai fasaha a kan ɗan kasuwa. Akwai gaskiya a cikin haka, amma ba ita ke nan ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka yi faifan da yadda aka karɓe shi, domin a ga cewa labarin ƙin karɓarsa ya riga kiɗan isa kunnen jama'a, shi ne kuma ya shimfiɗa wa kiɗan tabarma. Labarin ya ɗaukaka wasu, ya danne wani mutum guda wanda hannunsa ke cikin mafi yawan waƙoƙin.

Asalin Ƙungiyar

Tushen Wilco yana Belleville, wani garin ma'aikata a kudancin jihar Illinois, kusa da birnin St. Louis. A can ne wasu samari, Jay Farrar da Jeff Tweedy da wani abokinsu makaɗin ganga, suka kafa ƙungiyar Uncle Tupelo a 1987. Salonsu gauraye ne. Sun ɗauki waƙoƙin karkara na talakawan Amurka, masu maganar fatara da giya da wahalar aiki, suka ɗora su a kan kiɗan jita mai ƙara da gaggawa irin na samarin birni. Faifansu na farko, No Depression, wanda ya fito a 1990, ya yi tasiri har aka ari sunansa aka laƙaba wa salon gaba ɗaya. A 1994 zama ya ƙi daɗi tsakanin Farrar da Tweedy. Farrar ya fita ya kafa Son Volt, sauran makaɗan suka bi Tweedy, suka sake suna.

Sunan da suka zaɓa yana da ban sha'awa ga mai nazarin harshe. Kalmar wilco daga bakin masu magana ta rediyon oba-oba ta fito, watau sojoji da matuƙa jirgin sama. An gutsuro ta daga kalmomin Ingilishi biyu, ma'anarta kuwa ita ce mai magana ya ji saƙo, zai kuma bi umarni. Ƙungiyar da ta ɗauki wannan suna na ladabi ita ce daga bisani ta yi suna saboda ƙin bin umarni.

Ana sa Wilco cikin rukunin kiɗan da ake kira indie rock. Kalmar indie taƙaitawa ce ta kalmar Ingilishi mai nufin cin gashin kai, kuma a shekarun 1980 ma'anarta a fili take: makaɗan da ƙananan kamfanoni ke buga wa faifai, irin su SST a Kalifoniya da Rough Trade a Landan da Sub Pop a Seattle, waɗanda ba su ƙarƙashin manyan kamfanonin da ke riƙe da kasuwar duniya. Maganar mallaka ce zalla, watau wa ke da faifan, wa ke raba shi, wa ke cin ribar. Bisa wannan ma'auni Wilco ba ta cancanci sunan ba a wancan zamani, don kuwa tun daga faifanta na farko, A.M. na 1995, tana ƙarƙashin Reprise, kamfanin da mawaƙi Frank Sinatra ya kafa a 1960, wanda ya koma hannun Warner a 1963.

Ya kamata a fahimci irin yarjejeniyar da ke tsakanin irin wannan kamfani da makaɗa, domin a kanta rigimar ta tsaya. Kamfani kan ba ƙungiya kuɗi a gaba don ta biya ɗakin ɗaukar sauti, ta kuma riƙe kanta. Wannan kuɗi kamar bashi ne, za a cire shi daga kason ƙungiyar na cinikin faifai. Amma ainihin naɗin sautin, watau uwar faifan da ake buga sauran daga jikinta, mallakar kamfani ce. Saboda haka idan kamfani ya ce ba zai fitar da aiki ba, yana da iko ya kulle shi a ma'aji, makaɗan ba su da ta cewa. Zama ne irin na bara da ubangida, sai dai wannan ubangida littafin lissafi yake dubawa, ba kirari yake saurare ba.

Wilco ta yi zaman lafiya da Reprise na ɗan lokaci. Faifai na biyu, Being There na 1996, tagwaye ne, kuma Tweedy ya yarda ya sarayar da wani kaso na ladansa don a sayar da shi a farashin faifai ɗaya. A 1998 suka haɗa kai da mawaƙin Ingila Billy Bragg suka sa wa wasu rubutattun baitukan marigayi Woody Guthrie kiɗa, aikin da aka kira Mermaid Avenue. Tsamin dangantaka ya fara bayyana a kan Summerteeth na 1999. Kamfani ya ce bai ji waƙar da gidajen rediyo za su ɗauka ba, aka sa wani jami'insa mai suna David Kahne ya sake gyara waƙar "Can't Stand It" don ta dace da kunnen rediyo. Ƙungiyar ta yarda, aka gyara, rediyo kuma bai ɗauka ba. Tweedy bai manta da wannan ba.

A duk waɗannan shekaru mutum na biyu a ƙungiyar shi ne Jay Bennett, wanda ya shigo bayan an gama ɗaukar A.M. Gwani ne na jita da piyano da kusan duk abin kiɗan da ya ɗora hannu a kai, ga shi kuma da sanin na'urorin ɗaukar sauti. Yawan ado da kaurin kiɗan da ake ji a Summerteeth aikinsa ne tare da Tweedy.

Yadda Aka Yi Faifan

An fara aikin a ƙarshen shekarar 2000 a wani ɗakin bene da ƙungiyar ke haya a arewa maso yammacin Shikago, inda ta tara kayan kiɗanta da na'urorinta. Babu wakilin kamfani a wurin, babu kuma agogon situdiyo mai ƙirga kuɗi kowace sa'a. Wannan 'yanci ya ba su damar ɗaukar waƙa ɗaya a siga dabam-dabam, su rushe, su sake ginawa, har aikin ya nemi ya gagari kammalawa.

Abubuwa biyu suka canza alƙiblar aikin. Na farko, a shekarar 2000 Tweedy ya haɗu da Jim O'Rourke, wani makaɗin Shikago da aka sani da gwaje-gwajen sauti, shi kuma O'Rourke ya haɗa shi da makaɗin ganga Glenn Kotche. A watan Janairu na 2001 aka sallami Ken Coomer, wanda ke kaɗa wa ƙungiyar ganga tun zamanin Uncle Tupelo, Kotche ya maye gurbinsa. Na biyu, da aka zo matakin haɗa sauti, watau inda ake zaɓar abin da za a ɗaga da abin da za a danne daga cikin tarin muryoyi da kayan kiɗan da aka naɗa, Tweedy da Bennett suka kasa daidaitawa. Tweedy ya miƙa wa O'Rourke waƙa guda ya gwada, ya ji abin da ya fito, sai ya ba shi sauran. O'Rourke ya yi ta ragewa. A wasu wurare ya cire abin da aka ɓata makonni ana ɗorawa, ya bar murya da abin kiɗa ɗaya ko biyu. Masu sharhi da yawa sun ɗauka shi ne ya cusa wa faifan hayaniya, alhali waɗanda suka yi aikin sun sha faɗa cewa shara ya yi, ba tari ba.

Waƙoƙin a asalinsu masu sauƙi ne, irin waɗanda mutum ɗaya zai iya rerawa da jita yana zaune a ƙofar gida. Abin da aka yi musu shi ne an kwance su, an bar gaɓoɓin a fili. Waƙar farko, "I Am Trying to Break Your Heart", ta kusa minti 7, ta buɗe da ƙarar ƙararrawa da piyano mai tangaɗi da ganga wadda ba ta tsaya kan kari ɗaya ba, muryar Tweedy kuma kamar ta mutumin da aka tasa daga barci. "Poor Places" ta fara a natse ta ƙare cikin ruri. Ta ƙarshe, "Reservations", bayan mawaƙi ya yi shiru sai ta ci gaba da wani siririn amo na wasu mintoci. Amma a tsakanin waɗannan akwai "Kamera" da "Heavy Metal Drummer" da "I'm the Man Who Loves You", waƙoƙi masu amshi da daɗin kari waɗanda yaro zai iya kamawa daga ji biyu, ga kuma "Jesus, Etc." mai taushi da goge irin na Turawa. Duk wanda ya saurari faifan ba tare da an riga an tsorata shi ba zai yi mamakin yadda aka kira shi mai wuyar sha'ani. Wuyarsa ba ta kai rabin abin da aka yayata ba.

Jigon da ya ɗaure waƙoƙin shi ne magana da ba ta isa inda aka aike ta: masoya biyu da ke nesa da juna ko da suna ɗaki ɗaya, mutum da ƙasarsa, mutum da ransa. Daga nan sunan faifan ya samo asali. Duk wanda ya saba murɗa akwatin rediyo a gajeren zango da dare ya san irin muryoyin da kan ɓullo daga cikin shuu, su ɓace. Daga cikinsu akwai tashoshin da ba su da suna, ba su da shiri, sai murya guda tana jero lambobi ko haruffa. An daɗe ana kyautata zaton hukumomin leƙen asiri ne ke aika wa 'yan rahotonsu saƙo a ɓoye ta wannan hanya. A 1997 wani ƙaramin kamfani na Landan mai suna Irdial ya tattara naɗe-naɗen irin waɗannan tashoshi a faifai 4, ya kira su The Conet Project. Tweedy ya daɗe yana sauraren su. A ɗaya daga ciki wata mace na maimaita kalmomi uku, waɗanda su ne sunayen haruffan Y da H da F a tsarin da sojoji da ma'aikatan jiragen sama ke amfani da shi, inda ake ba kowane harafi kalma sukutum don kada a ji shi a karkace. Wannan murya ce ake ji a ƙarshen "Poor Places", kalmomin kuma su ne sunan faifan. An ƙirƙiri tsarin ne don magana ta fito sarai, ga shi an yi amfani da shi wajen aika saƙon da mutum ɗaya kaɗai a duniya zai gane.

Kamfani Ya Juya Baya

Aikin ya kammala ne a mummunan lokaci. A watan Janairu na 2001 aka ƙulla haɗewar kamfanin intanet na AOL da Time Warner, uwar gidan Warner da Reprise. Sabon kamfanin ya shiga rage ma'aikata da tsuke bakin aljihu. Shugaban Reprise, Howie Klein, wanda ke goyon bayan Wilco, ya bar kujerarsa a tsakiyar shekarar, daidai lokacin da faifan ya iso ofis. Waɗanda ya tarar su ne irin su David Kahne, mutumin da ya gyara "Can't Stand It".

A nan ya kamata a yi wa jami'an Reprise adalci, ko da yake tarihi bai yi musu ba. Dokar sadarwa ta Amurka ta 1996 ta sassauta iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai iya mallaka, kafin shekara 5 kamfanin Clear Channel shi kaɗai ya tara tashoshi fiye da 1,000. Jerin waƙoƙin da ake sawa ya ƙuntata, kuma babban kamfanin faifai ba ya ganin riba sai waƙa ta shiga wannan jeri. Wilco tana da masoya masu amana da yabon 'yan jarida, amma ba ta taɓa yin waƙar da ta mamaye rediyo ba. Bisa ma'aunin da aka ba waɗannan jami'ai, lissafinsu bai kauce ba. Kuskurensu yana wani wuri: ma'aunin ne ya fara tsufa. A watan Oktoba na 2000 ƙungiyar Radiohead ta Ingila ta fitar da Kid A, faifan da ya fi na Wilco bauɗewa nesa ba kusa ba, ya kuma hau matsayi na 1 a Amurka ba tare da wata waƙar rediyo ba. Alama ta riga ta bayyana ga mai son gani.

Reprise ya nemi a yi gyara. Tweedy ya ce aiki ya ƙare. Aka shiga maganar rabuwa, da farko aka ambaci dala 50,000 a matsayin abin da ƙungiyar za ta biya ta karɓi uwar faifanta. A watan Agusta na 2001 Greg Kot, mai sharhin kiɗa na jaridar Chicago Tribune, ya fasa ƙwai, sauran jaridu suka ɗauka. Kamfanin da ke tinƙaho da cewa shi gidan masu fasaha ne, gidan Neil Young, sai ga shi ana nuna shi da yatsa. A ƙarshe ya saki faifan kyauta. A cikin wannan wata dai aka sallami Jay Bennett daga ƙungiyar.

Ranar da aka tsara tun farko faifan zai fito ita ce 11 ga Satumba, 2001. Bai fito ba, ranar kuma ta zama abin da ta zama. A lokacin an riga an rufe Napster, dandalin musayar waƙoƙi da kotu ta takura wa a wannan shekara, amma magadansa na aiki, kuma waƙoƙin Wilco sun fara yawo a cikinsu, wasu da gurɓataccen sauti. Ƙungiyar na da rangadi a gabanta, ba ta da kamfani, ba ta da faifai a kanti. A ranar 18 ga Satumba ta ɗora faifan gaba ɗaya a shafinta na intanet, kowa ya saurara kyauta. A yau wannan ba abin magana ba ne. A 2001 kuwa, lokacin da manyan kamfanoni ke kai ƙara kotu a kan duk wani sauraren da ba a biya ba, kasada ce babba. Da aka fita rangadi sai makaɗan suka tarar jama'a na amsa musu waƙoƙin da ba a sayar wa kowa ba tukuna.

Mutanen da suka saurari faifan a wannan mako sun saurare shi da kunnen da ya sha bamban da wanda aka yi shi dominsa. An rubuta waƙoƙin duka, an naɗe su, watanni kafin harin. Amma ga wata mai suna "War on War", ga wata "Ashes of American Flags", ga "Jesus, Etc." wadda ta taɓo maganar dogayen benaye na birni. Da faifan ya fito kuma, hoton bangonsa tagwayen benaye ne a tsaye: Marina City ta bakin kogin Shikago, ginin Bertrand Goldberg na shekarun 1960, waɗanda mutanen garin ke kamanta su da totuwar masara. Babu annabci a cikin wannan, dacewa ce kawai. Sai dai dacewar ta ɗora wa faifan nauyin da ba a auna masa ba, kuma ya ɗauka bai karye ba, abin da ke nuna ingancin ginin.

A watan Nuwamba na 2001, bayan kamfanoni da dama sun yi zawarci, Wilco ta sa hannu da Nonesuch. An kafa wannan kamfani a 1964 don buga kiɗan gargajiyar Turai a farashi mai sauƙi, daga baya ya yi suna wajen fitar da kaɗe-kaɗen al'ummun duniya, har da waɗanda aka naɗo a Nijar da Mali a shekarun 1970. Ƙaramin gida ne mai haƙuri da ciniki kaɗan-kaɗan. Amma Nonesuch ma na Warner ne. Watau gida ɗaya ya biya kuɗin yin faifan ta ƙofar gaba, ya kyautar da shi, sa'an nan ya sake sayen sa ta ƙofar baya.

Yadda Aka Karɓe Shi

Yabo ya zo kamar ruwan Agusta. Pitchfork, mujallar intanet da aka kafa a tsakiyar shekarun 1990 wadda a lokacin take Shikago, ta ba shi maki 10 cikin 10, abin da ba ta cika yi ba. A ƙarshen shekara ya zo na 1 a ƙuri'ar Pazz & Jop ta jaridar Village Voice, inda ɗaruruwan masu sharhi suka zaɓi faifan da ya fi. Ciniki ya ci gaba a hankali har ya wuce 500,000, aka ba shi shaidar zinariya. Da shekaru goman farko na ƙarnin suka cika, Rolling Stone ta sa shi na 3 a faya-fayan wannan zango, Pitchfork ta sa shi na 4.

Mai bin sharhunan 2002 ɗaya bayan ɗaya zai lura da wani abu: da wuya a sami wanda bai fara da labarin Reprise ba kafin ya zo kan kiɗa. Labarin ya yi daɗin bayarwa, yana da azzalumi da wanda aka zalunta da sakayya, ga abin dariya a ƙarshe. Ya kuma zo a lokacin da masu sharhi da masu saurare ke cike da haushin manyan kamfanoni saboda tsadar faifai da shari'ar Napster. Yabon faifan ya zama wata hanya ta bayyana ɓangaren da mutum yake. Kushe shi kuwa kamar shiga sahun masu kwat da lissafi ne. Kaɗan ne suka yi ƙarfin halin cewa bai burge su ba. Daga cikinsu akwai Robert Christgau, wanda a lokacin shi ne ma ke kula da ƙuri'ar Pazz & Jop ɗin; ya yarda kiɗan na da daɗi, amma ya nuna baitukan ba su motsa shi ba. Ƙorafin nasa yana da tushe, don kuwa Tweedy kan jera siffofi masu kyau waɗanda wani lokaci ba su haɗu sun zama magana ba. Akwai kuma tsofaffin masoyan Uncle Tupelo da suka ga an bar kiɗan karkara an shiga ƙaƙale.

A nan ne ma'anar kalmar indie ta ƙarasa juyawar da ta fara tun shekarun 1990. Faifan da aka ɗaga a matsayin tutar cin gashin kai, babban kamfani ne ya biya shi, babban kamfani ne ya raba shi. Abin da ake nufi da kalmar ya tashi daga mallaka ya koma ɗabi'a da sauti: wanda ya ƙi a gyara masa aiki, wanda kiɗansa ke da ɗan kaushi, wanda masoyansa suka same shi ta hanyar da ba rediyo ba. Mai ba da shaidar cancanta ma ya canza. Da gidan rediyo ne, yanzu ya zama irin su Pitchfork. Sabon alƙalin kuma ba ya da tabbas fiye da tsohon: a 2007 mujallar nan ta ba faifan Wilco mai suna Sky Blue Sky maki 5.2, tana yi masa shaguɓen cewa kiɗan iyaye maza ne. Sai a 2011 ƙungiyar ta kafa kamfaninta na kanta, dBpm, ta fitar da The Whole Love, watau ta zama indie a tsohuwar ma'ana shekara 9 bayan an naɗa mata rawanin.

Wata 'yar rigima ta biyo baya wadda ba a cika ambata ba. Irdial ya kai ƙara a kan muryar matar nan da aka ɗauko daga The Conet Project ba da izini ba. Tambayar mai sarƙaƙiya ce, domin kamfanin bai ƙirƙiri muryar ba, naɗo ta kawai aka yi daga iska, masu ita na ainihi kuwa ba za su taɓa fitowa su ce tasu ce ba. An sasanta a 2004, ɓangaren Wilco ya biya.

Wanda Labarin Ya Danne

Tun daga watan Janairu na 2001 wani mai ɗaukar hoto, Sam Jones, yana biye da ƙungiyar da kyamara da nufin yin fim a kan yadda ake haɗa faifai. Faɗuwa ta zo daidai da zama, ya sami abin da ya fi wanda ya je nema. Fim ɗin, baƙi da fari, ya fito a 2002 da sunan waƙar farko ta faifan, kuma shi ne ya kafe labarin a sigar da aka san shi. Akwai wani wuri a ciki da kowa ke tunawa: Tweedy da Bennett na musu a gaban na'ura kan yadda "Ashes of American Flags" za ta miƙa wa "Heavy Metal Drummer", Bennett na ta nanata bayani yana neman a fahimce shi, Tweedy kuma, wanda ciwon kai mai tsanani ke damu, ya tashi ya shiga ban-ɗaki ya yi amai. Mai kallo kan fita da hukunci a zuci: ga mai fasaha, ga mai takura masa. Labarin da ke da azzalumi a ofis ya sami na biyu a cikin gida.

Takardar da ke jikin faifan ba ta goyi bayan wannan hukunci ba. Baitukan duka na Tweedy ne, amma kiɗan mafi yawan waƙoƙin an rubuta shi da sunan mutum biyu, Tweedy da Bennett, kuma Bennett yana cikin waɗanda suka riƙe na'urar ɗaukar sautin. Abin da O'Rourke ya tarar ya rage, wani ne ya tara shi. Shi kansa Tweedy ba lafiyayye ba ne a wannan lokaci. A 2004 ya shiga asibiti don rabuwa da magungunan kashe zafi, abin da ya jinkirta fitowar A Ghost Is Born, faifan da ya ci lambar Grammy biyu a 2005. A littafin tarihin rayuwarsa na 2018 ya yi bayanin wannan zamani da sassauci fiye da yadda fim ɗin ya yi.

Bennett ya ci gaba da fitar da faya-fayansa a ƙananan kamfanoni, ba su yi kasuwa ba. A farkon watan Mayu na 2009 ya kai Tweedy kotu yana neman haƙƙinsa na aikin da ya yi wa ƙungiyar da na fitowarsa a fim ɗin. A lokacin yana fama da ciwon ƙugu, yana neman kuɗin tiyata. A ranar 24 ga wannan wata aka same shi ya rasu a gidansa a Urbana ta jihar Illinois, yana da shekara 45. Binciken likita ya nuna maganin kashe zafi ne ya yi masa yawa bisa kuskure. A 2021 aka yi wani fim dabam a kansa, Where Are You, Jay Bennett?, wanda ya ba da labarin daga nasa ɓangaren.

A watan Satumba na 2022 Nonesuch ya sake fitar da Yankee Hotel Foxtrot don cikarsa shekara 20, tare da ɗimbin naɗe-naɗen gwaji da sigogin waƙoƙin kafin su shiga hannun O'Rourke. A cikinsu ana jin yadda waƙa ɗaya ta sauya kama sau da yawa a ɗakin benen nan, ana kuma jin piyano da jita da adon da aka share daga baya. A watan Fabrairu na 2023 wannan bugu ya ci lambar Grammy biyu, ɗaya ta faifan tarihi, ɗaya ta bayanin da Bob Mehr ya rubuta a jikinsa. Bennett ya shekara 13 da rasuwa a lokacin.